Sharhi Mai Gyara a kan Hotunan 'Yan Koyo a Gasar Ɗaukar Hoto Mai Jigo

1.0 Gabatarwa

Gasa tsohuwar hanya ce ta zaburar da masu fasaha su fito da abin da ke cikinsu. A tarihin rubutun Hausa na boko, gasar ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya a shekarar 1933 ita ce ta samar da littattafai irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. A shekarar 2016 kuma Sashen Hausa na BBC ya ɓullo da gasar Hikayata domin mata marubuta gajerun labarai. A makarantu ma an daɗe ana shirya gasar muhawara da kacici-kacici da rubutun insha'i da wasan kwaikwayo. Yaɗuwar wayar hannu mai kyamara ta ƙaro wata gasar a kan waɗannan, wato gasar ɗaukar hoto, inda akan ba ɗalibai jigo guda, kowa ya je ya ɗauko hoton da yake ganin ya fi bayyana jigon.

Malamin Hausa yana da ruwa da tsaki a irin wannan gasa. Da farko, yawancin jigogin da akan bayar sun shafi al'ada ne, kamar sana'o'i da sutura da abinci da bukukuwa, waɗanda duk suna cikin manhajar darasinsa. Na biyu, shi ne ya saba da tarke, wato auna aikin fasaha da fito da kyawunsa da rauninsa bisa hujja. Saboda haka sau da yawa shi akan ɗora wa alƙalanci. Nauyin kuwa ba ƙarami ba ne. Idan ɗalibai arba'in suka shiga gasa, uku ne kawai za su tafi gida da kyauta. Sauran talatin da bakwai ba su da abin da za su tsira da shi sai kalaman da malami ya faɗa ko ya rubuta a kan hotunansu. Kalaman nan su za su sa ɗalibi ya sake ɗaukar kyamara gobe da ƙarin sani, ko kuma ya jingine ta yana ganin Allah bai ba shi basira ba.

Wannan babi ya yi bayanin ma'anar sharhi mai gyara, da dalilin kula da shi, da matakan nazarin hoto, da abubuwan da ake dubawa a cikin hoton, da kuma irin harshen da ya kamata malami ya yi amfani da shi.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

2.1 Ɗan Koyo

Ɗan koyo a nan shi ne duk wanda yake ɗaukar hoto don sha'awa ko don neman iyawa, ba don ya ci abinci da shi ba. Yawaitar irin waɗannan mutane ta faro ne daga shekarar 1888, lokacin da George Eastman na Amurka ya fito da kyamarar Kodak, wadda akan sayar da ita da fim na hoto 100 a ciki, idan ya ƙare a aika wa kamfani ya wanke. Kafin nan ɗaukar hoto galibi aiki ne na masu manyan kayan aiki da sanin haɗa magungunan wanki. A yau kuwa duk mai wayar hannu mai kyamara yana iya zama ɗan koyo.

2.2 Gasa Mai Jigo

Gasa mai jigo ita ce wadda masu shiryawa suke ƙayyade batun da kowane hoto zai yi magana a kai. Kyakkyawan misali shi ne gasar Wiki Loves Africa, wadda aka fara a shekarar 2014, kuma kowa yana iya shigarta. Jigon shekarar farko shi ne abinci, na 2015 sutura da kayan ado na gargajiya, na 2016 kiɗa da rawa, na 2017 mutane a bakin aiki, na 2023 kuma yanayi. Jigo yana da amfani biyu. Yana taƙaita wa ɗan koyo fagen da zai nemi hotonsa, yana kuma ba alƙali ma'auni guda da zai auna hotuna mabambanta da shi.

2.3 Sharhi Mai Gyara

Sharhi mai gyara shi ne bayanin da ake yi wa mai aiki a kan aikinsa, wanda yake nuna masa abin da ya yi daidai da dalilin da ya sa ya zama daidai, da abin da ya gaza, da kuma takamaiman abin da zai yi don ya cike giɓin. Ya bambanta da yabo zalla, kamar a ce "ya yi kyau", domin wannan bai gaya wa ɗalibi abin da zai maimaita ba. Ya bambanta da kushe, kamar a ce "wannan shirme ne", domin wannan bai gaya masa abin da zai gyara ba. Haka kuma ya bambanta da maki, domin maki matsayi kawai yake nunawa. Hausawa sun taƙaita manufar irin wannan sharhi da suka ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

3.0 Dalilin Kula da Sharhi

Akan ɗauka cewa duk maganar da malami ya yi a kan aikin ɗalibi tana da amfani. Binciken masana ya nuna ba haka abin yake ba. A shekarar 1996, Avraham Kluger da Angelo DeNisi sun tattara sakamakon bincike-bincike masu yawa a kan tasirin sharhi ga ƙwazon mutane. Sun gano cewa a jimlace sharhi yana ƙara ƙwazo, amma a fiye da kashi ɗaya cikin uku na gwaje-gwajen rage shi ya yi. Bayanin da suka bayar shi ne, duk lokacin da sharhi ya ɗauke hankalin mutum daga kan aikin ya mayar da shi ga kansa, wato ya shiga tunanin ko shi gwani ne ko daƙiƙi, amfanin sharhin yakan ragu.

Kafin nan, a shekarar 1988, Ruth Butler ta yi gwaji da 'yan makarantar firamare a Isra'ila. Ta kasa su gida uku: wasu aka ba su maki zalla, wasu sharhi zalla, wasu kuma aka haɗa musu duka biyun. Waɗanda aka ba sharhi zalla su ne aikinsu ya fi inganta. Waɗanda aka haɗa wa maki da sharhi kuwa ba su yi wa masu maki zalla wata tazara ba. Abin da ake fahimta a nan shi ne, idan maki da sharhi suka zo tare, idon yaro a kan makin yake tsayawa. Tun da gasa ba ta yiwuwa sai da na ɗaya da na biyu, dabarar da ta rage wa malami ita ce ya raba lokacin sharhi da lokacin bayyana sakamako.

A shekarar 2007 kuma John Hattie da Helen Timperley na Jami'ar Auckland sun bayyana cewa sharhi mai amfani yakan amsa wa ɗalibi tambayoyi uku: ina aka nufa, ina aka kai, kuma mene ne mataki na gaba. Sun ƙara da cewa yabon da ake yi wa mutum shi kansa, ba aikinsa ba, shi ne mafi ƙarancin amfani wajen koyo. A gasar hoto, jigo da sharuɗɗan gasa su ne amsar tambaya ta farko. Sauran biyun suna hannun malami.

4.0 Matakan Nazarin Hoto

Kuskuren da sabon alƙali ya fi yi shi ne yanke hukunci da kallo ɗaya. Domin kauce wa haka, ana iya bin matakai huɗu da Edmund Feldman, wani masanin koyar da fasaha a Amurka, ya shimfiɗa a wajajen 1970. Ɗalibin da ya karanci hanyar feɗe waƙa ta Abdulƙadir Ɗangambo ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin manufar ɗaya ce: a san abu ciki da waje kafin a yi masa hukunci.

(a) Siffantawa: A faɗi abin da ido ya gani kawai, ba tare da yabo ko suka ba. Misali: dattijo ne zaune a bakin karofi, ya tsoma yadi a baba, a bayansa akwai babur da katanga.

(b) Ƙalailaicewa: A duba yadda sassan hoton suke hulɗa da juna. Ina ido ya fara sauka? Daga wane ɓangare haske ya fito? Me ya fi girma, me ya fi haske, me ya fita tangaram, me ya yi dishi-dishi?

(c) Fito da ma'ana: A tambayi abin da hoton yake faɗi. Ƙwarewa yake nunawa, ko wahala, ko tsufan sana'a, ko kaɗaici? Wajibi ne kowace ma'ana ta dogara da abin da aka gani a matakai biyu na farko.

(d) Yanke hukunci: A auna ko hoton ya cika manufarsa bisa jigo da sharuɗɗan gasa, sannan a ba da shawara.

Matakin farko yana da wata fa'ida ta musamman. Idan malami ya siffanta hoto da babbar murya, sau da yawa mai hoton da kansa yakan gano aibin. Da zarar ya ji an ambaci babur, zai tuna cewa bai yi nufin babur ya fito ba.

5.0 Abubuwan da Ake Dubawa

5.1 Dacewa da Jigo

Wannan shi ne ma'auni na farko. Hanya mai sauƙi ta gwada shi ita ce a rufe taken hoton a nuna wa wanda bai san jigon ba, a ji ko zai iya hasashensa. Bayan dacewa sai zurfi. Idan jigon "Ruwa" ne, mafi yawan ɗalibai kogi ko tafki za su ɗauko. Wanda ya ɗauko ɗan garuwa yana tura kura a hayi, ko layin bokitai a bakin famfon da bai kawo ruwa ba, ya yi tunani a kan jigon, kuma ya kamata sharhi ya nuna an lura da hakan. Ana iya ba ɗalibai misali da J. D. 'Okhai Ojeikere, mashahurin mai ɗaukar hoton Nijeriya da ya rasu a 2014. Daga shekarar 1968 ya kama jigo guda, wato kitson mata, ya ɗauki hotuna kusan dubu a kansa. Da yawa daga cikinsu ta ƙeya ya ɗauke su, a gaban fili mara komai, don kada wani abu ya ɗauke hankali daga kitson.

5.2 Zubi da Tsari

Kamar yadda waƙa take da zubi da tsari, haka hoto yake da su. Ana duba ko ainihin abin da aka ɗauka ya fito sosai, ko kuwa ya ɓace a cikin tarkace. Ana duba gefuna huɗu, ko an datse wa mutum kai ko ƙafa ko hannun da yake aiki da shi. Ana duba abin da ke baya, domin sau da yawa turken lantarki ko reshen bishiya yakan fito kamar ya tsiro daga kan mutum. Ana kuma duba ko layin da sama ta haɗu da ƙasa ya karkace.

Akwai wata sananniyar ƙa'ida da wani mai zane Baturen Ingila, John Thomas Smith, ya ambata a rubuce a shekarar 1797. Ita ce a ƙaddara an kasa hoto gida uku a tsaye da gida uku a kwance, sannan a ajiye muhimmin abu a kan ɗaya daga cikin layukan ko a mahaɗarsu, maimakon tsakiya. Ƙa'idar tana taimaka wa ɗan koyo, amma kada malami ya mayar da ita doka. Ƙofar fada ko dagin da aka zana a bango, waɗanda damansu da hagunsu suka yi daidai, sukan fi kyau a tsakiya.

5.3 Haske

Da tsakar rana, rana takan tsaya a saman kai, sai inuwa ta cika kwarmin ido da ƙarƙashin hula ko rawani. Hasken hantsi da na la'asar sakaliya yakan zo ta gefe, ya fito da siffar fuska da zanen tufa. Hazon hunturu yakan tausasa haske, amma yakan dusashe launi da abin da ke nesa. Wata matsala da ake yawan gani ita ce ta mutum baƙi sanye da farar riga a rana. Kyamara takan auna hasken rigar ta rage haske, sai fuska ta yi duhu. Maganin wannan shi ne a matsar da mutumin zuwa inuwa mai haske, ko a taɓa fuskarsa a allon waya kafin a ɗauka, domin kyamara ta auna haske daga nan. Haka abin yake idan rana ko taga tana bayan wanda ake ɗauka.

5.4 Fitar Hoto Tangaram

Bai isa malami ya ce hoto ya yi dishi-dishi ba, sai ya gano dalili, domin kowane dalili da maganinsa. Idan komai na cikin hoton ya yi dishi-dishi, mai yiwuwa hannu ne ya girgiza, ko gilashin kyamara ya yi datti. Idan abin da ke motsi ne kaɗai bai fita ba, kyamara ce ba ta ƙyafta da saurin da ya kamata ba. Dokin da ke sukuwa yana bukatar ƙyaftawar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin 500 ko 1000 na daƙiƙa ba, wanda kuwa yake samuwa cikin sauƙi idan akwai wadataccen haske. Idan kuma katangar baya ta fita amma fuska ba ta fita ba, saiti ne ya sauka a inda bai dace ba. Yawan zuƙo abu daga nesa da waya shi ma yana ɓata hoto, saboda haka an fi so mai ɗauka ya taka da ƙafarsa ya matsa kusa.

5.5 Lokacin Ɗauka

Henri Cartier-Bresson na Faransa, wanda littafin hotunansa na 1952 ya yi tasiri ƙwarai, ya shahara da ra'ayin cewa kowane al'amari yana da wani ɗan lokaci da ma'anarsa take cika a cikinsa. A maƙera, lokacin shi ne sa'ad da guduma ta sauka tartsatsi ya tashi. A hawan salla, shi ne sa'ad da mahayi ya ja linzami ya ɗaga hannu a ƙarshen jahi. Shawarar da akan ba ɗan koyo ita ce ya tsaya ya kalli aikin sau biyu ko uku har ya gane zagayensa, sannan ya ɗauki hoto da yawa ya zaɓi ɗaya.

5.6 Take da Bayani

Wannan fagen malamin Hausa ne kai tsaye. Ana duba ko taken ya ƙara wa hoton wani abu, ko kuwa maimaita abin da ido ya gani kawai ya yi. Ana duba ko bayanin ya faɗi abin da ake yi da wuri da lokaci, ko an yi amfani da ainihin kalmomin sana'ar, kamar karofi da baba da uwar maƙera da zugazugi, da kuma ko an kiyaye ƙa'idojin rubutu, musamman haruffa masu lanƙwasa da raba kalmomi.

5.7 Gaskiya da Mutunci

Hoton da aka shigar gasa wajibi ne ya zama na wanda ya shigar da shi, kuma ya bi sharuɗɗan gasa game da gyara da kwamfuta. Manyan gasanni ma ba su tsira daga wannan matsala ba. A shekarar 2015, gasar World Press Photo ta fitar da kimanin kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe saboda sauye-sauyen da aka yi musu. A 2023 kuma Boris Eldagsen na Jamus ya ƙi karɓar kyautar da ya ci a gasar Sony, ya bayyana cewa da ƙirƙirarriyar basira ya samar da hoton, kuma ya yi haka ne don a tattauna batun. Idan malami ya yi shakkar wani hoto, ya nemi ainihin hoton a wayar da aka ɗauka, ya kuma yi maganar a keɓe, domin tuhumar yaro a gaban jama'a ba tare da hujja ba zalunci ne.

Haka kuma akwai haƙƙin wanda aka ɗauka. A tambayi ɗalibi ko ya nemi izini, musamman idan hoton mace ne, ko ƙaramin yaro, ko mara lafiya, ko cikin gidan mutane. A kuma duba ko hoton ya kiyaye mutuncin mai shi. Hoton almajiri ko mai bara da aka ɗauka a ɓoye don a ba mutane tausayi a ci gasa yana bukatar magana, ko da ya fi kowane hoto fita.

6.0 Harshen Sharhi

Magana zarar bunu ce, saboda haka ya kamata malami ya kiyaye waɗannan:

(i) Ya yi magana a kan hoto, ba a kan mai hoto ba. "Fuskar ta yi duhu" magana ce a kan aiki. "Ba ka da lura" magana ce a kan mutum.

(ii) Ya fara da tambaya. Idan ya ce, "Me ka so mai kallo ya fara gani?" zai san manufar ɗalibi, sai ya auna hoton da ita. Wani abin da ake zaton kuskure ne, da gangan aka yi shi.

(iii) Ya kafa hujja ga yabo kamar yadda yake kafa ta ga gyara. Yabon da ba shi da dalili ɗalibi ba ya iya maimaita abin da ya jawo shi.

(iv) Ya taƙaita gyara zuwa abu ɗaya ko biyu mafi muhimmanci. Idan aka jero wa ɗan koyo aibi takwas, ba zai riƙe ko ɗaya ba, sai dai ɓacin rai.

(v) Ya ba da shawarar da ɗalibi zai iya aiwatarwa da abin da ke hannunsa. Cewa a sayi babbar kyamara ba shawara ba ce ga wanda ya aro wayar yayansa.

(vi) Ya bambance aibi da son ransa. Idan shi ne ba ya son hoto mara launi, ya faɗa a matsayin ra'ayi, kada ya ƙirga shi kuskure.

(vii) Kada kara ta hana shi faɗin gaskiya. Ɗalibin da aka yi ta yabo alhali bai ci komai ba zai zargi alƙalai da son kai, kuma ba zai ƙara yarda da yabon malaminsa ba.

7.0 Misali

A ƙaddara an shirya gasa a wata sakandare mai jigon "Sana'o'in Gargajiya". Wani ɗalibi ya kawo hoton marini a marinar Ƙofar Mata ta Kano. Da tsakar rana ya ɗauka, yana tsaye daga nesa. Hannayen marinin sun rine da baba, yadin yana ɗigar da ruwa, amma fuskarsa ta yi duhu, kuma akwai babur a bayansa. Ga sharhi iri uku:

Na farko: "Ya yi kyau, ka ci gaba da ƙoƙari."

Na biyu: "Hoton ya yi duhu, ga tarkace, ba ka iya saiti ba."

Na uku: "Ka zaɓi sana'ar da ta dace da jigo, ka kuma kama lokacin da yadin yake fitowa daga karofi yana ɗiga, wanda ya sa mai kallo ya ji ana cikin aiki. Hannayen nan da suka rine su ne ƙarfin hotonka, amma sun yi ƙanƙanta saboda nisa, kuma jan babur ɗin da ke baya yana janye ido daga kansu. Idan ka koma, ka gaisa da marinin ka nemi izinin matsawa kusa, ka tsuguna daidai da shi har babur ɗin ya fita daga hoton. Ka je da hantsi, domin haske ya sami fuskarsa."

Sharhi na farko bai koyar da komai ba. Na biyu ya faɗi wata gaskiya, amma ya rufe da hukunci a kan yaron, bai kuma nuna mafita ba. Na uku ya amsa tambayoyin nan uku, ya kuma bar ɗalibi da aikin da zai iya yi a ƙarshen mako.

A ƙaddara kuma wata ɗaliba ta kawo hoton faɗuwar rana a bayan bishiyar kuka, wanda ya fi duk sauran hotunan kyawun launi. Wannan shi ne wurin da alƙali ya fi shiga tsaka mai wuya, domin hoton ya burge shi amma ya saki jigo. Abin da ya dace shi ne a gaya mata gaskiya: "Kin iya zaɓen haske, kuma yadda kika ajiye kukar a gefe ya ba rana fili. Abin da ya hana hoton shiga sahun farko shi ne babu sana'a a cikinsa. Da a ce akwai makiyayi yana koro shanu, ko manomi da garma a kafaɗa, da hasken nan ya yi wa jigon aiki." Ta haka za ta san cewa jigo ne ta saki, iyawarta kuwa an gan ta.

8.0 Tsarin Gudanar da Sharhi a Makaranta

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin a fara gasa ya kamata a bayyana wa ɗalibai jigo da sharuɗɗa da ma'aunan da za a bi. Ana iya kasa maki 100 kamar haka: dacewa da jigo 30, zubi da tsari 25, haske da fitar hoto 20, lokacin ɗauka 15, take da bayani 10. Makaranta tana iya sauya wannan kaso gwargwadon manufarta, muddin an sanar da shi tun farko.

Lokacin alƙalanci, a cire sunaye a sa lambobi, alƙalai kuma su kasance aƙalla uku, kowa ya ba da makinsa shi kaɗai kafin su tattauna. Kowane hoto ya sami rubutaccen sharhi, ba na waɗanda suka ci kaɗai ba. A yi zaman sharhi kafin ranar ba da kyaututtuka, inda ɗalibai za su yi wa hotunan juna nazari ta bin matakan nan huɗu, malami yana lura da harshensu. Wannan zama darasi ne na magana da sauraro da kafa hujja. Daga ƙarshe, a ba da mako ɗaya ko biyu kowa ya sake ɗaukar hotonsa bisa shawarar da ya samu, a kafa na farko da na biyu a jere a allon sanarwa. A nan ne za a gane ko sharhin ya yi aiki.

9.0 Kammalawa

An ga cewa sharhi yana iya ƙara ƙwazo, yana kuma iya rage shi, gwargwadon inda ya karkatar da hankalin ɗalibi. An kawo matakai huɗu na nazarin hoto, da ma'aunai bakwai da ake dubawa, da ladubban harshen da malami zai kiyaye. Ƙwarewar da ake bukata a nan ita ce dai wadda malami zai yi amfani da ita wajen gyaran insha'i da waƙa da wasan kwaikwayo: ya duba aiki da kyau, ya faɗi gaskiya da hujja, ya nuna wa ɗalibi matakin da zai taka na gaba.

Auna Fahimta

1. Bambance tsakanin sharhi mai gyara da yabo zalla da kushe, tare da misali ɗaya ga kowanne.

2. Wane darasi malamin da ke shirya gasa zai ɗauka daga gwajin Ruth Butler na 1988?

3. Kawo dalilai uku da suke sa hoto ya yi dishi-dishi, da yadda ake gane kowanne.

4. A zaɓi hoto ɗaya daga jarida ko kalanda, a yi masa nazari ta bin matakan Feldman, sannan a rubuta sharhin da bai wuce jimla shida ba kamar ana yi wa ɗan aji ɗaya na babbar sakandare.